Bututun ƙarfe mai murɗi a cikin Revit: yadda ta kasance a wani aikin sito a kudancin Jidda

A kudancin Jidda, wajen Khumra, inda sito-sito da filayen tireloli suka mamaye ko'ina, wani ɗan kwangila ya karɓi aikin gina manyan ɗakunan ajiyar kaya da filin lodi. A cikin aikin akwai layin magudanar ruwan sama mai tsawon mita 60, wanda zai kwashe ruwan rufi da na fili, ya bi ta ƙarƙashin inda manyan motoci ke juyawa, ya zuba a tankin tara ruwa da ke ƙarshen fili. A zanen asali bututun kankare ne mai faɗin milimita 1200. Ɗan kwangilar ya nemi a sauya masa da bututun ƙarfe mai tudu da kwari, irin wanda ake murɗawa a masana'anta, don ya fi sauƙin ɗauka da shimfiɗawa. Masu sa ido kan aikin suka amince, faɗin kuma aka bar shi yadda yake.

Magudanar ruwa ba abin wasa ba ce a Jidda. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta kashe mutum fiye da ɗari, aka sake yin wata a Janairun 2011, sannan a ranar 24 ga Nuwamba 2022 ruwan da aka auna a kudancin birnin ya kai milimita 179 cikin sa'a shida. Garin da yake shafe watanni ba ɗigo, rana ɗaya sai ya sha na shekara guda har da ƙari. Shi ya sa masu duba zane a can suke ƙura wa layin ruwan sama ido fiye da yadda baƙo zai zata.

Mutum uku ne suka riƙe wannan ɓangare a wajen ɗan kwangilar, kuma dukkansu Hausa suke yi a tsakaninsu. Akwai matashin da ke gina samfurin ginin a Revit, manhajar kwamfuta da ake zana gini da ita a cikakkiyar siffarsa, haifaffen Makka wanda kakanninsa suka zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina suka zauna. Akwai injiniyan ruwa, Bazazzagi, da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello kafin aiki ya kawo shi. Sai dattijon da ke kula da ma'aikatan haƙa da binne bututu, mutumin Mai Wurno ta Sudan, wanda bai taɓa buɗe Revit ba, bai kuma yi niyya ba.

Gyaran da ya tayar da zancen

Yarjejeniyar BIM ta aikin, wato takardar da ta tsara yadda za a gina samfurin ginin a kwamfuta, ta ce a kai layukan magudana matakin LOD 350, ɗaya daga cikin matakan da ke nuna yawan bayanin da za a sa a samfuri. Da aka miƙa samfurin, wanda ya duba shi a ofishin masu sa ido ya dawo da shi da gyara ɗaya a kan wannan layi: bututun da ke ciki sumul yake, bai yi kama da kayan da aka amince da su ba. Matashin ya ɗauki maganar a kan cewa ana son a ga tudu da kwarin a jikin bututun, tun daga farko har ƙarshe.

A nan ne Revit ke juya wa mutum baya. Bututu a cikinta na cikin abubuwan da manhajar ta ƙulle siffarsu. Ba a buɗe shi a editan famili, wato inda ake ƙera siffar kayan da ake sawa a samfuri, a sassaƙa masa jiki kamar yadda ake yi wa famfo ko bawul. Abin da aka bar wa mai zane shi ne teburin nau'in bututun: kayan da aka yi shi da su, kaushin cikinsa, da girma uku, wato na suna, na ciki da na waje. Kowane bututu, na roba ne ko na kankare, a allo zagayayye ne mai santsi. Wanda ke son murɗi dole ya fita daga bututun manhajar ya ƙera nasa.

Ya fara da hanya mafi sauƙi: ya zana zobe ɗaya ta hanyar juya layin tudu da kwari a kan tsakiyar bututun, ya jera shi a tsawon layin. Da kansa ya yi watsi da shi, don zobba ne a tsaye, ba murɗi ba.

Daga nan ya koma ga dabarar da masu Revit suka daɗe suna yi idan suna son abu mai murɗi. Maɓallin Swept Blend yana karɓar hanya mai gaɓa ɗaya tak, da siffa ɗaya a kowane bakinta. Sai a zana rabin da'ira, a ɗaga siffar ƙarshe sama da ta farko da rabin tazarar tudu, a samu rabin zagaye na murɗi. A haɗa biyu a samu zagaye guda, a sa shi cikin wani famili, a jera. Tsarin tudun bututun da aka amince da shi 68 x 13 ne, wato milimita 68 daga tudu zuwa tudu, zurfin kwari kuma milimita 13. A raba mita 60 da milimita 68, a samu zagaye kusan 880. Kowanne rabi biyu, gunduwa kusan 1,760 ke nan a layi ɗaya na magudana da za a binne a ƙasa ba wanda zai sake ganinsa.

Ya yi kyau a allo, wannan ba musu. Amma tun daga ranar duk wanda ya buɗe fayil ɗin da ake tarayya a kai sai ya ji a jikinsa. Juya hoton ginin ya koma da ƙyar, adanawa zuwa babban fayil ya riƙa jan lokaci har mai zanen wutar lantarki ya fara tambayar wa ya zuba wa samfurin duwatsu. Mafi muni, da aka buga zanen fili a sikelin 1:200, tazarar milimita 68 ta koma milimita 0.34 a takarda. Layin alƙalami mai kaurin 0.25 ya kusan cike wannan gurbi, sai bututun ya fito baƙi ƙirin kamar an shafa masa kwalta, ya haɗiye rubutun gangara da lambobin ramukan dubawa da ke kusa da shi.

Akwai kuma asarar da ba a gani da ido. Abin da ya ƙera ba bututu ba ne a wajen Revit, wani gunki ne kawai. Bai shiga jadawalin bututu ba, don haka mita 60 suka ɓace daga lissafin kayan da ake cirowa daga samfurin. Alamar gangara ba ta karanta shi. Ba ya kama rami na sama da na ƙasa su zama layi ɗaya.

Yunƙurinsa na uku da Dynamo ne, manhajar haɗa umarni da ke zuwa tare da Revit. A can akwai Helix.ByAxis, wanda ke fitar da layin murɗi kai tsaye idan aka ba shi tsakiya, da inda zai fara, da tazara, da yawan juyi. Ya ja siffar tudun a kan layin, ya turo sakamakon cikin Revit a dunƙule. Gunduwoyin sun ragu, amma dunƙulen ba ya gyaruwa: ba a jan bakinsa, ba a sauya masa gangara. Ko santimita biyar aka ɗaga ƙasan rami, sai an goge shi an sake kunna umarnin. Da aka fitar da fayil ɗin IFC kuwa, wanda ake miƙa samfuri da shi ga masu wasu manhajoji, lanƙwasassun fuskokin suka farfashe zuwa ƙananan alwatika masu ɗimbin yawa, nauyin ya dawo ta bayan gida.

Abin da aka gani da aka sauke bututun

Ana cikin haka masana'anta ta kawo guntun bututu na gwaji. Matashin ya je fili da kwamfutarsa don ya nuna aikinsa. Dattijon ya dubi allon, ya dubi ƙarfen, ya ce, “Ɗana, sa yatsanka a wannan kwarin, ka bi shi ka zagayo.”

Ya bi. Da ya zagayo, bai faɗo a kwarin da ke maƙwabtaka da inda ya fara ba. Ya tsallake takwas, ya sauka a na tara, fiye da rabin mita gaba.

“Kawu, ai ba murɗi ɗaya ba ne,” in ji shi.

Dalilin yana cikin yadda ake ƙera bututun. Ana warware doguwar fallen ƙarfe daga naɗinta, injin ya matse ta ta yi tudu da kwari a tsawonta kamar kwanon rufi, sannan a lanƙwasa ta a karkace tana naɗe kanta, gefe yana kama gefe da ƙullin da ake ninkewa a danne. A wannan bututun fallen na ɗauke da tudu tara, faɗinta kusan milimita 612 ke nan. Don haka murɗi tara ne ke tafiya tare kafaɗa da kafaɗa, da layin ƙulli ɗaya yana binsu. Karkatar ma ba zaɓin mai zane ba ce: faɗin fallen ba ya canzawa, kewayen bututun ne ke yanke ta. A faɗin 1200 kewayen ya kai milimita 3,770, karkatar ta ɗan haura digiri 9, kowane zagaye kuma yana cin kusan milimita 620. Da bututun na 600 ne, da karkatar ta kai wajen digiri 19. Abin da matashin ya zana, murɗi ɗaya mai ci gaba da milimita 68 a kowane zagaye, karkatarsa digiri ɗaya ce kacal.

Bakin bututun ma daban yake. An sake matse ƙarshen kowane guntu ya koma zobba a tsaye, don ɗamarar ƙarfen da ke haɗa guntu da guntu ta samu wurin zama. Ɗamarar tana da kunnuwa da kusoshi da suka fito waje sosai fiye da jikin bututun. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu a samfurin. An kashe ƙarfi wajen zana abin da ya yi kama da gaskiya daga nesa, amma ko masana'anta aka miƙa wa ba za ta iya ƙera komai da shi ba.

A ganina a nan ne fahimtar LOD 350 ta karkace tun farko. Ƙungiyar BIMForum ta Amurka ce ta shigo da wannan mataki tsakanin 300 da 400, kuma abin da yake nufi shi ne a nuna yadda abu ke haɗuwa da na kusa da shi: mahaɗai, madogarai, da wurin da yake ci. Ba ado ake nema ba. A bututun da za a binne, ɗamara da faɗin waje da ramin da zai kwanta su ne 350. Tudun milimita 13 ba ya cikinsu.

Inda tudun yake da nauyi

Injiniyan bai shiga rigimar allo ba sai da aka zo cike teburin nau'in bututun. Matashin ya tambaye shi lambar da zai sa a gurbin kaushi. Ya ce a sa abin da aka ga dama, don wannan gurbi na lissafin bututun da ruwa ke bi da matsi ne; Revit ba ta lissafa ruwan sama mai gangarowa da kansa. Wannan lissafin Manning ne, dabarar gano yawan ruwan da bututu mai gangara ke ɗauka, kuma a waje ake yinsa. Da ya faɗi haka sai ya tsaya, ya ce a ɗauko masa takardar lissafin asali.

An yi ta ne da lambar kaushi 0.013, ta kankare. Da aka sauya kaya zuwa ƙarfe mai tudu, ba wanda ya koma kanta. Bututun 68 x 13 mai zobba a tsaye ana ba shi 0.024. Mai murɗi yana samun sassauci idan ƙarami ne, saboda karkatar tana sa ruwan ya riƙa juyawa yana wucewa, amma yayin da faɗi ke ƙaruwa karkatar na raguwa, sassaucin ma yana tafiya. A 1200 ana maganar wajen 0.020, masu taka-tsantsan kuma 0.024 suke sawa su huta. A lissafin Manning yawan ruwan da bututu ke ɗauka yana raguwa daidai da yadda wannan lamba ke ƙaruwa. A gangarar rabin kashi cikin ɗari, bututun 1200 a cike yana ɗaukar kusan kubik mita 2.8 a daƙiƙa idan kankare ne. Da 0.020 sai ya sauko 1.8, da 0.024 kuma 1.5. Ruwan da aka tsara layin ya kwashe ya fi waɗannan biyun na ƙarshe.

Ma'ana, tudu da kwarin da aka yi ta fama a nuna a allo suna da tasiri na gaske a aikin, sai dai a lamba ɗaya ce cikin takardar lissafi, kuma can ne aka manta da su.

Mafita biyu aka ajiye a gaban mai zanen asali. Ko a koma ga bututun ƙarfe mai siraran haƙarƙari a waje da ciki kusan sumul, wanda kaushinsa ke kusa da na kankare, ko a ƙara faɗi. Saboda abin da masana'antar ke iya kawowa a kan lokaci, aka zaɓi 1400, wanda ko da 0.024 yana ɗaukar kusan kubik mita 2.2 a wannan gangara, ya kuma wadatar. Tun da an buɗe takardun, injiniyan ya ɗaga batun rufin ƙarfen. Ƙasar wannan yanki na gaɓar Bahar Maliya tana da gishiri, ruwan ƙasa kuma a kusa yake, ƙarfe mai rufin zinki kaɗai ba ya daɗewa a irinta. Aka mayar da odar daga bututun ASTM A760 zalla zuwa mai rufin roba a kan zinkin, na ƙa'idar ASTM A762.

Yadda aka sake gina layin

Aka share gunkin, aka koma ga bututun Revit na asali. Matashin ya buɗe sabon nau'i da sunan kayan, ya sa faɗin ciki 1400, na waje kusan 1430, wato an ƙara zurfin tudu da kaurin ƙarfe ta kowane gefe. Lambar Manning, tsarin tudu, kaurin falle da nau'in rufi duk suka shiga gurabun bayani da ke fitowa a jadawali. Ɗamarar ya ƙera ta a matsayin mahaɗin bututu, zobe mai sauƙi da akwati biyu a wurin kunnuwa, da girman da ya auna a fili da tef. Guntayen mita shida-shida ne, sai mahaɗai tara suka zauna a inda za su zauna a ƙasa.

Dattijon ne ya kawo ƙari na ƙarshe. Irin wannan bututu ba shi ke ɗaukar nauyin tirela shi kaɗai ba. Yana ɗan lanƙwasawa ya jingina da ƙasar da aka daddanne a gefensa, in babu ita ya baje. Ya ce shi ba ruwansa da hoton bututu, a nuna masa inda injin danne ƙasa zai shiga. Sai aka zana wani dogon akwati mai haske-haske kewaye da layin, faɗinsa daidai da ramin da ƙa'idar aikin ta nema, aka sa shi a rukunin da ba ya fita a bugu.

Da aka kai wannan samfurin manhajar Navisworks don binciken inda kayan gini ke karo da juna, sakamakon ya zo gajere, kuma kowanne na gaske ne. A da, lokacin gunduwoyi, wuri ɗaya kan fito sau da yawa, kowace gunduwa da nata rahoton, har mai dubawa ya gaji ya yi musu kuɗin goro. Yanzu abu biyu suka fito. Layin ruwan kashe gobara da ke gilmawa ta sama yana taɓa kunnen ɗamara ta huɗu, tun da bututun ya ƙara faɗi. Akwatin rami kuma ya ci gefen fandishon ginshiƙai biyu na rumfar lodi. Na farko aka warware shi da matsar da mahaɗin, aka fara layin da guntu mai mita uku don ɗamarar ta kauce. Na biyu ya fi wuya: sai da aka matsar da layin gaba ɗaya nesa da ginin, ramukan dubawa biyu suka bi shi. A Revit wannan jan layi ne da sake duba gangara. Da gunkin Dynamo ne a wurin, da an sake ƙera shi a kowane gwaji, kuma sauyin faɗi kaɗai ya isa ya mayar da karkatar daga digiri 9 zuwa 8.

Saura mai duba zane da gyaransa, wanda har lokacin a buɗe yake. Injiniyan ya ce wa matashin kada ya yi gardama a rubuce, ya ba shi abin da zai gani. Aka yi abu uku marasa nauyi. An sa wa kayan bututun hoton tudu da kwari a saitin kamanninsa, ta yadda idan aka fitar da hoto mai inuwa zai fito da murɗinsa ba tare da an ƙara ko layi ɗaya a samfurin ba. An zana cikakken bayani a sikelin 1:10, zanen shafi kawai, mai nuna tsarin 68 x 13, ƙullin falle, bakin da aka sake matsewa, ɗamara, shimfiɗar yashi da kaurin ƙasar da za ta rufe. Sannan matashin ya gyara umarninsa na Dynamo ya fitar da murɗi tara na gaskiya a guntu mai mita biyu, ya ajiye shi a fayil na daban da ake haɗowa idan an buƙata, don hoton taro da mai aikin. Aka rubuta a yarjejeniyar BIM cewa bututun da ake binnewa za a nuna su da faɗin waje na gaskiya da mahaɗansu, siffar jikinsu kuma a zanen bayani. Mai dubawar ya rufe gyaran.

Abu ɗaya ne ba su daidaita a kai ba. Matashin yana son guntun mita biyun ya shiga fayil ɗin da za a miƙa wa mai ginin a ƙarshe, don ya ce masu kula da wurin nan gaba su san irin abin da ke ƙarƙashinsu. Injiniyan ya ce masu kula da wuri jadawali suke buɗewa, kuma guntun da ba ya cikin layi wata rana wani zai ƙirga shi a matsayin mita biyu na bututun da ba a taɓa saya ba. Shugaban sashen ya goyi bayan injiniyan, aka bar guntun a ma'ajiyar ofis, aka miƙa samfurin ba tare da shi ba.